Shekarar da Takarduna Suka Naɗe Ƙosai

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Talata, ina tsugune bakin famfo a gidanmu na Romi ina wanke kofunan shayi, sai guɗa ta tashi daga layin baya. Na riƙe lokacin ne don a shekarun nan komai ya faru sai na duba agogo. Ba ranar biki ba ce, ba kuma wanda muka san yana jiran haihuwa. Mama ta ɗaura ɗankwali ta fita, ta dawo tana tafa hannu.

"Hannatu matar Dauda tela ce ke da ciki! Bayan shekara tara! Ƙanwar mijinta Laraba ce ke shela. Allah mai iko!"

Baba ya ɗago daga rediyonsa ya ce, "To ita mai cikin ta san ana shelar kuwa?"

Muka yi dariya, har da ni. Ban san cewa da hannuna aka yi wannan ɓarnar ba.

Bitrus da Jummai, 'ya'yana, ina rubuta muku wannan ne saboda abin da kuka jiyo a wurin jana'izar Mama Sista bara, lokacin da wata tsohuwa ta ce marigayiyar mutumiyar kirki ce, sai dai bakinta bai riƙe sirri. Kun tambaye ni a mota, na ce ku bari sai mun isa gida, da muka isa kuma na shiga kicin. Kun san halina. Magana ta fi zo mini a takarda.

Mama Sista yayar Mama ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunanta Saratu, amma tun da ta zama unguwarzoma kowa Sista yake ce mata, mu kuma muka ƙara Mama a gaba. Da ta bar aikin gwamnati sai ta buɗe ɗan asibitin haihuwa a Makera, ɗaki huɗu da baranda, kuma rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Mace ce mai faɗa da ƙarar murya, tana iya zagin miji a gaban matarsa don bai kawo ta awo da wuri ba. Amma abin da mace ta gaya mata bayan an ja labule, ko fasto bai isa ya ji ba. Wannan shi ne jarinta. Ba ta da injuna masu tsada, ba ta da likita sai mai zuwa ranar Alhamis. Mata suna zuwa ne don sun san abin da ya shiga kunnenta ya shiga kabari.

Ni kuwa a lokacin ina shekarar ƙarshe a makaranta, can ƙetaren kogi, ina karatun kwamfuta. Ba ni da ƙawaye da yawa. In malami ya yi tambaya na san amsa, sai in rubuta ta a gefen littafi in yi shiru. Aikin kammala karatuna a asibitin Mama Sista na same shi. Wani ya ba ta tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da rumbun bayanai, inda ake adana sunayen mata da ranakun awo da sakamakon gwaji, amma sabuwar manhajar da ma'aikaciyarta ke cika fom a ciki ba ta iya magana da wannan tsohon rumbu. Ana bukatar wata 'yar manhaja a tsakani, wadda za ta karɓi saƙo daga fom ta kai wa rumbu, ta karɓo amsa ta dawo da ita. A sana'armu direba muke kiranta. Ita na zauna na rubuta, wata huɗu, kuma ta yi aiki. Matsala ɗaya ta rage: in aka ɗauke wuta ana tsakiyar adana wani abu, kafin a ta da janareta, wani lokaci bayanin ya ɓace, wani lokaci ya shiga sau biyu.

Don in kama wannan cutar, sai na sa direban ya riƙa ajiye kundin aiki, abin da muke kira log, wato ya rubuta duk abin da ya yi layi bayan layi tare da lokaci. A nan ne mai rubuta manhaja yake zaɓi. Zai iya cewa a rubuta kuskure kawai in ya faru. Zai iya cewa a rubuta an aika saƙo an sami amsa, ba tare da faɗin abin da ke ciki ba. Zai iya kuma cewa a rubuta komai da komai. Ni da nake ajiye tikitin bas na shekara biyu a cikin ambulan, kun san wanda na zaɓa. Na kuma binne wannan zaɓin a can cikin manhajar, ban fito da shi fili a matsayin saitin da wani zai iya canzawa ba, don a ganina ba mai bukatar taɓa shi sai ni. Sa'an nan, da yake na hana a soka filashi a kwamfutar saboda tsoron bairos mai lalata kwamfuta, sai na sa kundin ya riƙa fita ta firinta duk Juma'a. Ranar Asabar in biya Makera in kwashi takardun in kawo gida.

A gidanmu takarda ba ta mutuwa da wuri. Wadda aka rubuta wa gaba, sai a yi lissafi a bayanta. Wadda ta cika gaba da baya, sai a jefa ta a wani kwali da ke bayan ƙofar falo, in ya cika Mama ta aika wa Maman Talatu mai ƙosai a bakin layi. Haka aka yi da takardun jarrabawar yayyena, haka aka yi da tsofaffin takardun waƙar kwayar coci na Baba. Ni ma haka na tashi na gani. Ina bin layukan kundin da jan biro ina neman inda wuta ta yanke, in juya baya in yi zane-zanena, in na gama in jefa a kwali. Ba wanda ya ɗauka a ɓoye. Ni na jefa da hannuna. Na daɗe ina kallon takardun har sunayen da ke ciki suka daina zama mutane a idona, suka koma haruffa tsakanin waƙafi da waƙafi.

Abin da ban sani ba a safiyar guɗar nan shi ne, Anti Hannatu ta yi ɓari har sau biyu a baya, kuma duka biyun bayan an gama yi mata murna. Wannan karon ta roƙi Mama Sista kada kowa ya ji sai ciki ya fito da kansa. Ko mijinta ba ta gaya wa ba tukuna. Laraba kuwa malamar firamare ce, duk rubutun da ya zo gabanta sai ta karanta. Da aka tambaye ta inda ta ji, kunya ta hana ta cewa a takardar ƙosai, sai ta ce, "Daga asibiti maganar ta fito." Kafin azahar magana ta zama Sista ce ta faɗa. Anti Hannatu ta aika aka karɓo katinta, ta koma awo wani asibiti a cikin gari, bas biyu zuwa bas biyu dawowa. Mata uku suka bi bayanta a satin.

Ranar Juma'a Mama ta aike ni sayen ƙosai. Ina tafe ina jin ɗuminsa a tafin hannu, sai na ga jan biro a jikin takardar, rubutuna. Na buɗe a tsakiyar hanya. Mai ya jiƙa ta har ta zama kamar gilashi, amma layin na nan sarai: sunan wata mata da na sani a coci, shekarunta, da sakamakon gwajin jininta. Na juya na koma wurin Maman Talatu, ni da ban taɓa ce mata komai ba bayan gaisuwa.

"Mama, don Allah takardun nan na gidanmu, ki ba ni su duka."

"Ikon Allah! Yau Rahila ce da magana? In ba ki in naɗe ƙosai da me, da zanena?"

"Zan kawo miki wasu yanzu."

"Me ke ciki? Wasiƙar saurayi ce?"

Matan da ke layi suka kwashe da dariya. Na ruga gida na kwaso littattafan sakandare da nake ta adanawa, har da na lissafi da na ci kyauta da shi, na kawo mata. Ta miƙo mini ragowar. Na ƙirga a ɗaki: cikin shafi ɗari biyu da goma sha ɗaya da na buga, tamanin da shida ne suka dawo. Sauran sun shiga gidajen Romi da karin kumallo.

Zan iya yin shiru. Ba wanda ya haɗa zancen da ni, kuma gyaran a manhaja aikin minti biyar ne. Kwana biyu ina wannan tunani. Ranar Lahadi a coci na ga Mama Sista ta zauna a bencinta na kullum, matan zumunta sun bar tazarar mutum biyu tsakaninsu da ita, ita kuwa tana rera waƙa da ƙarfi kamar ba ta lura ba. Bayan an tashi na bi ta Makera, na ajiye takardun masu maiƙo a kan teburinta, na faɗa mata komai ina kallon ƙasa.

Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga wa haske, ta daɗe tana dubawa.

"Wato injin naki duk abin da ya ji sai ya rubuta?"

"E, Mama."

"Wa ya ce ya rubuta?"

"Ni ce."

"Ni da asibitin nawa, ina zan taɓa in ce ya yi shiru?"

"Babu wurin. Ban yi ba."

Na zaci za ta yi faɗan da ake ji har bakin titi. Sai ta tura mini kwanon gyaɗa.

"Ci. Kin rame kamar sandar rake da aka tsotse. Saurara, Rahila. Hannatu kaɗai za ki je ki gaya wa, don hakkinta ne. Sauran gari ki bar su da ni."

"Mama, sunanki ne ke ɓaci."

"Sunana ya tsufa, ya saba da rana. In aka ji takardun awo suna yawo a ƙosai, duk macen da ta taɓa kwanciya a gadon nan ba za ta yi barci ba, kowace za ta ce nata ne ya fita. Gara su ce tsohuwa ɗaya ta yi suɓutar baki sau ɗaya. Ke kuma wa zai ba ki aiki da wannan a goshinki? Tashi ki wanke fuska."

Washegari na je gidan Anti Hannatu. Ta saurare ni a tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba. Da na gama ta ce, "Na ji," ta rufe ƙofa a hankali. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saura sati uku a kare aikin kammalawa a gaban malamai. Na je wurin malamin da ke duba aikina, mutum mai kirki amma kullum cikin sauri, na ce ina so in rushe sashen kundi da saiti in sake gini.

"Malama Rahila, abu yana aiki, me za ki rushe? Kundin nan naki shi ya fi burge ni. Ki cire firinta kawai, ki kare aikinki, ki gyara daga baya."

"Yallaɓai, in na cire firinta sunayen suna nan a fayil. Duk wanda ya zo gyaran kwamfutar zai karanta."

"In ba ki shiga wannan zangon ba sai na gaba fa. 'Yan ajinku za su tafi bautar ƙasa su bar ki."

Na ce na sani. Shi ne karo na farko da na yi wa malami musu. Ya kalle ni ta saman tabarau ya sa hannu a takardar ɗage aikin zuwa zango na gaba.

Gida ba a ji daɗi ba. Mama ta riga ta sayi atamfar bikin yaye ɗalibai, ta kuma gaya wa 'yan ƙauye. Sati guda tana ajiye mini abinci ba tare da ta kalle ni ba, ko da yake nama biyu take sa mini maimakon ɗaya. Daga baya na gane rabin fushin da kanta take yi, don ita ta aika kwalin. Baba ne ya kwance mu. Ya yi shekaru yana gyaran injin saƙa a Kakuri kafin masaƙar ta rufe, ya koma kiwon agwagi a bayan gida. Ya ja kujera kusa da ni wata rana da la'asar ya ce in nuna masa abin da ke hana 'yarsa cin tuwo. Na bayyana masa cewa in na cire sunaye daga kundin, ban san yadda zan gane bayanin da ya ɓace ba.

"Mu a masaƙa, in inji ya tsinke zare, lambar inji muke rubutawa da lokaci da irin ƙarar da ya yi. Ban taɓa rubuta launin atamfar ba, kuma ban taɓa kasa gyara ba. In kuma dole sai kin ga suna, ga agwagina nan, ba su da abin ɓoyewa."

Haka aka yi. Na kwafi manhajar zuwa wata kwamfuta ta aro, na cika rumbun da marasa lafiya na ƙarya: Agwagwa Fara, Agwagwa Gurguwa, Toron Baba. Baba ya ɗauki aikin zare filogi a daidai lokacin da na ce, don mu kwaikwayi ɗauke wuta. Kullum da safe sai ya leƙo.

"Likita, ya jikin Gurguwa? Cikin ya kai wata nawa?"

Har Mama ta fara dariya daga kicin. A sati na biyar muka kama cutar: direban yana sake aika saƙo in bai ji amsa ba, ba tare da ya tambayi rumbu ko na farkon ya riga ya shiga ba.

Sabon tsarin da na yi ba shi da ado. Na ciro saitin daga cikin manhaja na sa shi a ɗan fayil mai layi shida, da Hausa, wanda Mama Sista za ta iya buɗewa ta karanta da kanta. Kundin na ba shi mataki uku: shiru, kuskure kawai, da bincike. In fayil ɗin ya ɓace ko wani ya lalata shi, direban ya koma kuskure kawai, kada ya koma surutu. Matakin bincike in an kunna shi yana kashe kansa bayan awa ɗaya, don na san halin ɗan Adam da mantuwa. Kuma a kowane mataki, duk inda suna ko sakamako zai fito, alamar tambaya ce ke fitowa. Wannan na ƙarshen ban sa masa makunni ba ko kaɗan. Na yi ta kai da komo a kansa, don na san wata rana zan so in ga abin da ke ciki in kasa. Na kuwa sha wannan wahalar sau da yawa a shekarun da suka biyo baya. Amma na riga na ga abin da nake yi in an bar mini ƙofa a buɗe.

Duk wannan lokacin Anti Hannatu tana hawa bas biyu da cikinta. Ina hango ta a bakin titi da safe, hannu ɗaya a ƙugu, 'yan kwandasta suna ihu a kanta. Ran nan aka ce ta yi jiri a kan gada sai da aka sauke ta. Mama Sista ta ji, ta shiga ɗakin magani ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba. Ba ta taɓa aika mata saƙo ba, ta ce mace ba a jawo ta gadon haihuwa da roƙo.

Da sabon kundin ya yi sati guda yana aiki a asibitin, na buga shafi ɗaya na tafi gidan Dauda tela. Cikin ya shiga wata takwas. Tana zaune a tabarma a inuwar mangwaro tana tsince shinkafa, ƙafafunta sun kumbura. Na gaishe ta na durƙusa, na miƙa takardar.

"Anti, wannan na ranar Alhamis ne. Mata goma sha ɗaya suka zo awo. Don Allah ki duba ko za ki gane ko mutum ɗaya."

Ta share hannu a zane ta karɓa. Ta bi layukan da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta juya bayan takardar, ta sake juyowa.

"Duk tambaya ce a ciki."

"E, Anti."

"Ke ma ba ki san su ba?"

"Ni ma ban sani ba. Ko na so, ba zai gaya mini ba."

"An ce kin bar 'yan ajinku sun tafi."

Na ce e. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, tana jefa tsakuwa gefe ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe a durƙushe har gwiwata ta yi tsami. Sai na yi mata tambayar da na zo da ita tun daga gida.

"Anti, za ki dawo wurin Mama Sista? Ba ita ta yi miki laifi ba. Hanyar nan ta yi miki nisa."

Ta ture tiren gefe, ta miƙo mini hannu in ɗaga ta. Da ta miƙe ba ta saki hannun ba.

"Ki ce wa Sista ta gyara mini gadon da ke kusa da taga. Ke kuma ki ja wa injinki kunne. In na sauka lafiya, ni zan fito in yi guɗata da bakina."